Kafin Ku Ɗaga Labule

Yarana, na ji kun kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, har kun sa rana a filin firamare bayan Sallah. Madalla, Allah Ya dafa muku. Ku matso in ba ku namu labarin.

A zamaninmu kowane yaro so yake ya zama Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, ko Ƙarkuzu na Jos. Malaminmu ya kawo mana littafin Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu, muka ce shi za mu yi. Tun daren farko aka fara hararar juna, domin kowa Jatau yake son fitowa. Mutum biyu suka yi fushi suka daina zuwa. Kyallu kuwa, babu uban da ya yarda 'yarsa ta fito a karuwa, ko da wasa ne. Dole wani siririn yaro ya ɗaura zane ya yafa gyale. Ban ga laifin iyayen ba, don ba mu je mun gaishe su mun yi musu bayani ba. Ku kada ku yi wannan gangancin. Ku fara da gidan mai unguwa, sannan ku bi iyayen 'yan matan gida-gida, kuma a tashi gwaji kafin magariba.

Ranar wasa, ana tsakiyar abu janareto ya mutu, Jatau namu ya daburce, maganarsa ta ɓace masa. Wa ya fid da mu kunya? Yaron da muka raina muka ba shi jan labule. Ashe zaman da yake yi a gefe ya haddace wasan kaf. Shi ya riƙa raɗa wa Jatau magana ta bayan zanen gadon da muka rataya, wasu suka ɗaga fitilun ƙwai, aka ƙarasa ana tafi. Don haka duk wanda kuka ba ƙaramin aiki, ku riƙa kiran sunansa a bainar jama'a.

Kada kuma ku kwaikwayi tafiyar wani ko muryarsa a garin nan. Mun taɓa yi wa wani attajiri haka, jama'a suka gane, muka kwana uku muna ban haƙuri.

Kuɗin ƙofa a ƙirga su a gaban kowa a daren, a fara biyan mai benci da mai lasifika.

In za ku yi gwaji na gaba ku aiko a kira ni. Akwai tsohon rawani a adakata, zai dace da wanda zai fito a alƙali.