Ciyar da Jariri Bayan An Yi Wa Uwa Aiki a Nono

Ya ke uwa, wannan darasi naki ne idan an taɓa yi miki aiki a nono. Wata ƙurji ya kama ta, aka tsaga. Wata kullutu aka cire mata. Wata kuma nauyin nonon ya dame ta da ciwon baya, likita ya rage shi.

A cikin nono akwai ƙananan hanyoyi da su ke kai ruwa zuwa kan nono, akwai kuma jijiyoyi masu sa ruwan ya sauko sa'ad da yaro ya tsotsa. Idan wuƙa ta bi kusa da kan nono ta kan yanke waɗansunsu, sai ruwan ya ragu. Amma ba kasafai ya kan ƙafe sarai ba, kuma nono guda mai lafiya ya kan ƙosar da yaro.

Saboda haka ki sa shi a nono tun sa'ar da aka haife shi. Kada ki zubar da dakashi, shi ne rigakafinsa na fari. Ki ba shi aƙalla sau 8 dare da rana, gama tsotso shi ke jawo ruwa.

Kuka ba ya nuna ko yaro ya ƙoshi. Ki lura da fitsarinsa: bayan kwana 5 ya kamata ya yi sau 6 ko fiye a yini da kwana. Cikin mako 2 kuma ya kamata ya komo nauyinsa na haihuwa. Wannan sai ma'auni. Daga Birnin Malam ki kai shi asibitin Maiyama, ko Jega, ko Aliero, ki gaya wa malamar asibiti aikin da aka yi miki. Kada ki ji kunya.

Idan nauyin bai ƙaru ba, sai a yi masa ƙari, amma nonki ne farko kowane lokaci. Wata 'yar'uwa mai goyo ta iya taimakonki, bayan an gwada jininta domin cutar ƙanjamau. A sanar da dangi, don shayarwa ta kan hana aure tsakanin 'ya'yan.

In babu, sai madarar gwangwani wadda aka yi musamman domin jarirai. Madarar shayi ba ta yi, haka nonon shanu da kunu kafin wata 6. Ki tafasa ruwa, ki auna yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, ki ba shi da ƙaramin kofi wankakke. Kwalba wuyar wanki gare ta, ita ke kawo zawo. Abin da ya rage a kofin a zubar.

Mai gida, wannan naka ne. Yaron da madara kaɗai ya ke sha zai cinye wajen kilo 20 cikin wata 6. Ka yi lissafi tun da wuri, kada kuɗi su ƙare a riƙa tsinka madarar da ruwa, yaro ya rame.