Amsoshin Tambayoyinku: Wahala da Ƙaruwar Bangaskiya a Koyarwar Kirista

Wata mai sauraro daga Kafanchan tana son sanin dalilin da ya sa Kiristoci suke cewa wahala na ƙarfafa bangaskiya, alhali kuwa suna koyar da cewa Allah mai ƙauna ne.

Amsar ta fi fitowa fili a rayuwar Manzo Bulus. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 16, ya ba da labarin yadda aka yi wa Bulus da abokin tafiyarsa Sila dūkan tsiya a birnin Filibi na ƙasar Makidoniya, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu, amma da tsakar dare sauran fursunoni suka ji su suna addu'a da waƙoƙin yabo, kuma kafin gari ya waye mai gadin kurkukun da iyalinsa sun karɓi baftisma. Wannan hali na Bulus da Sila shi ne jimiri, wato tsayawa daram a kan amana lokacin da babu alamar sauƙi, kuma a sura ta 5 ta wasiƙarsa ga Romawa Bulus ya ɗauke shi a matsayin hanyar gyaran hali da samun bege.

Sai dai koyarwar ba ta ce wahala abar nema ce ba, wannan kuwa muhimmin bambanci ne ga duk wanda ke jinya ko makoki. Bulus kansa ya roƙi Ubangiji sau 3 ya ɗauke masa wata damuwa da ya kira ƙaya a jiki, kamar yadda ya faɗa a wasiƙa ta 2 ga Korantiyawa, ba a kuwa ɗauke ta ba, sai aka tabbatar masa da isasshen alheri, wato tagomashin Allah wanda ba aikin mutum ne ke jawo shi ba.