Sama Ta Yi Fari Fat, Gini Ya Yi Duhu

Tambaya: Malam, na sayi gilashin kyamara mai faɗi, 16-35mm. In na ɗauki masallaci da yamma, sama takan yi fari fat, ginin ya yi duhu. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kyamararka lafiya lau, hasken ne ya fi ƙarfin ɗauka ɗaya. Kafa ta bisa mariƙi mai ƙafa uku, ka sa f/8 da ISO 100, ka ɗauki hoto uku a RAW da haske daban-daban: -2, 0, +2. Saurin ɗauka kaɗai za ka canza, kada ka taɓa zum. Haɗe su a Lightroom su zama HDR. Wajen gyara fa, bi sannu: in ka cika haska inuwa, farin zobe zai kewaye hasumiya. A 16mm kada ka ɗaga bakin kyamara, bango zai karkace. Gwada gobe kafin magariba.