Kaktus a Tukunya, Ciyawa a Ƙasa

Jama'a, sha'awar ƙawata gida da tsirrai tana ƙaruwa a garuruwanmu. Duk wanda ya bi manyan titunan Kano ko Kaduna zai ga masu sayar da fulawa sun jera tukwane a bakin hanya, kuma a cikin hajarsu akwai iri biyu da mai gida kan tsaya yana wasiwasi a kansu. Na ɗaya kaktus, tsiron nan mai kaurin jiki da ƙaya, marar ganye, wanda kan fitar da fure ja ko rawaya ko fari. Na biyu ciyawar ado, wadda ake shukawa gindi-gindi saboda kyan ganyenta da zangarniyarta mai laushi. Akasarin mutane suna cewa ai ƙasarmu ta rana ce da ƙarancin ruwa, don haka kaktus ne ya dace da mu, ciyawa kuwa abin nomewa ce. Wannan takarda tana so ta nuna cewa lissafin bai cika ba. Mazaunin kaktus a gidajenmu tukunya ne, filin tsakar gida da gindin katanga kuwa na ciyawa ne.

Asalin dangin kaktus ƙasashen Amurka ne, musamman Meziko, wadda har a tutarta akwai hoton gaggafa a tsaye a kansa. Allah ya tsara jikinsa don wurin da ruwan sama ke zuwa kaɗan-kaɗan. Yana tara ruwa a cikin jikinsa, saiwoyinsa suna shimfiɗe kusa da fuskar ƙasa don su tsotse yayyafi kafin ya bushe, kuma yana rufe 'yan ƙofofin numfashinsa da rana, sai dare ya yi ya buɗe su, don kada zafi ya zuƙe masa ruwa. Duk wannan shiri na jure ƙishi ne, babu wani shiri na jure ambaliya. To, mu kuwa shekararmu kashi biyu ce. Watanni bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, sa'an nan ruwan shekara duka ya zubo cikin wata huɗu. Abin da Kano kan samu a watan Agusta kaɗai yakan kusanci abin da birnin Tucson na jihar Arizona, tsakiyar ƙasar kaktus, ke samu a shekara guda, watau kimanin milimita 300. In aka dasa kaktus a ƙasa mai laka, ko a tsakar gidan da ruwa ke kwanciya, marka ta kwana uku ta isa ta ruɓar da saiwarsa. Abin takaici, ruɓar daga ƙasa take farawa, mai shi ba zai farga ba sai ranar da gindin ya yi taushi, tsiron ya kife. Yawancin kaktus da ke mutuwa a hannun masu sha'awa yawan ruwa ne ajalinsa.

Ciyawa kuwa wannan tsarin shekara shi ne nata tun fil'azal. Ruwan fari na sauka ta yi toho, da marka ta yi ƙarfi, da kaka ta fid da kai, da rani ganyen ya bushe amma gindin yana raye a ƙasa yana jiran wata damina. Wata ciyawar ado da ta yaɗu a lambunan duniya, wadda masana ke kira Pennisetum setaceum, 'yar arewaci da gabashin Afirka ce da ƙasashen Larabawa, kuma danginta ɗaya da gero da kyasuwa. Watau abin da Bature ke saye da tsada don ya ƙawata ƙofar gidansa ɗan'uwan abin da ke fitowa a bayan garinmu ne. Ban da kyan gani, ciyawa tana yin wani aiki da kaktus ba ya iyawa. Saiwoyinta masu yawa suna riƙe ƙasa, suna rage gudun ruwan indararo, su sa shi ya nutse maimakon ya kwashe gindin katanga. Irin jemar da Bankin Duniya ya yaɗa a Indiya cikin shekarun 1980 don yaƙi da zaizayar ƙasa, saiwarta takan nutsa har mita 3. Wanda ya jera jema ko ciyawar lemun tsami a gefen gidansa ya sami ado, ya sami kariya daga zaizaya, ta biyun kuma ga ganyen shayi.

Wani zai ce, to ina batun gobara da macizai da sauro? Wannan magana ce mai nauyi, ba a kawar da ita da hannu ɗaya. Busasshiyar ciyawa a lokacin hunturu makamashi ce, kuma duniya ta ga misali. An kai gambarmu, wadda muke saƙa zana da ita, arewacin Ostareliya cikin shekarun 1930 don kiwon shanu. Da ta sami wurin da ba mai yankanta, sai ta riƙa kai tsawon mita 4, wutar dajin da take haddasawa tana cinye har manyan itatuwa, har a 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Amma a lura da inda matsalar take: rashin yanka. A nan gamba ba ta taɓa zama annoba ba, domin kafin ta gama bushewa lauje ya bi ta kanta. Haka za a yi wa ciyawar ado. Da zarar ta fara bushewa a watan Nuwamba ko Disamba, a yanke ta a bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a kai wa tumaki abin da suke ci, sauran a zuba a ramin taki. Sauro kuwa a cikin kwantaccen ruwa yake hayayyafa, ciyawa wurin hutawarsa ce kawai, maciji kuma ɓera da maɓoya yake bi. Maganin duka biyun shi ne a bar tazara tsakanin gindi da gindi yadda tsintsiya za ta ratsa, kada kuma a dasa ta jikin ƙofar ɗaki ko kusa da murhu.

Wani kuma zai ce ai jigawa ba ta riƙe ruwa, me zai hana a dasa kaktus a ƙasa a irin wannan wuri, har ma a yi shinge da shi? Gaskiya ne a Agadas, inda ruwan shekara ba ya kai milimita 200, ruɓa ba za ta dame shi ba. Sai dai inda kaktus ya ji daɗin ƙasa, nan wata fitinar take. Irin mai faffaɗan jiki, wanda ake kira Opuntia, duk ɓallin da ya faɗi ƙasa sai ya yi saiwa, tsuntsaye da dabbobi kuma su sha 'ya'yansa su watsa irin. An shigar da shi Ostareliya don shinge da ado, amma zuwa 1925 ya mamaye kimanin hekta miliyan 24 a jihohin Queensland da New South Wales, fiye da rubu'in faɗin Nijeriya ke nan, manoma suka yi ta barin gonakinsu. Ba a shawo kansa ba sai da aka ɗauko wani ƙwaro daga Ajantina, wanda tsutsarsa ke cin cikin tsiron, aka sake shi a 1926. A yankin Laikipia na Kenya makiyaya suna fama da danginsa har yau, ƙayar tana yi wa awaki da tumaki rauni a baki da ido. A cikin gida ma, ƙananan ƙayoyinsa masu kama da ƙaiƙayi suna shiga fatar yaro su ƙi fita, gidajenmu kuwa ba a raba su da yara masu rarrafe. A yi hattara kuma da ƙerana da tinya, waɗanda wasu ke sayarwa a matsayin kaktus saboda kamanni. Su dangi ne daban, ana gane su da farin ƙaro mai kama da madara, wanda ke ƙona fata, in ya shiga ido kuma yana iya makantarwa.

Kada a ɗauka ita ciyawar baƙuwa ba ta da irin wannan laifi. Pennisetum setaceum ɗin nan ta tsere daga lambuna ta mamaye wurare a Hawayi da Arizona, kuma a 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da ita. Akwai ma wata mai jan ganye da ake yayi a Turai da Amurka, wadda in aka bincika tofa ce, ita dai tofar da ke karya wa manomi fartanya. Saboda haka a fifita ciyawar da ke zama gindi guda a kan mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, a kuma fifita ta gida, ko irin mai launin shunayya wadda ba ta cika yin iri ba, sai dai a raba gindinta.

Saura batun fure, kuma a nan dole a ba kaktus haƙƙinsa, domin babu ciyawar da za ta yi gasa da furensa. Amma kyan na ɗan lokaci ne. Galibi kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki yake yi, akwai ma wanda ke buɗewa da dare, kafin hantsi ya yanƙwane. Babban kaktus na hamadar Arizona, saguwaro, yakan shekara wajen 35 kafin ya yi furen farko. Abin da ke da daraja haka, kuma ba ya daɗewa, kusa da ido ya kamata a ajiye shi, kuma tukunya ce ke ba da wannan dama. A sami ta ƙasa mai huda a gindi, a zuba tsakuwa, a cika da yashi mai kauri da ɗan taki kaɗan. A zaɓi ƙananan iri masu saurin fure. Da damina a janye tukunyar ƙarƙashin rumfa inda haske ke shiga amma ruwa ba ya dukanta, kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. Da hunturu a rage ruwan ƙwarai, domin yawancin kaktus na hamada sai sun huta cikin sanyi da bushewa suke yin fure idan zafi ya dawo. A ɗora ta bisa dakali ko katanga inda hannun yaro ba zai kai ba. Ita kuwa ciyawa, a raba gindinta a dasa a watan Yuni bayan ruwa ya zauna, ba ta bukatar ban ruwa sai in an yi fari a makonnin farko.