Kogin Komadugu: ruwa ba ya tsami banza

Garin Difa yana gabashin Nijar, a bakin kogin Komadugu Yobe. Ƙasar rairayi ce, daminarta kuma gajera ce. Ruwan saman da ke sauka a shekara wajen milimita 300 ne kawai. Amma wanda ya bi bakin kogin lokacin ɗari zai ga gonakin tattasai, da shinkafa, da albasa. Zai ga masunta suna jefa taru, makiyaya suna shayar da dabbobi. Duk wannan albarkar kogi ce.

Daga ina kogin yake fitowa?

Ba ruwan saman Difa ne ke cika Komadugu ba. Tushensa yana Najeriya. Kogin Haɗeja yana tasowa daga ƙasar Kano, kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos. Suna haɗuwa a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Daga nan ruwan ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya har tsawon kilomita wajen 150, sannan ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso.

Tafiyar tana da nisa, fadamu kuma suna riƙe ruwa. Shi ya sa kogin ba ya cika a Difa sai wajen Nuwamba ko Disamba, bayan damina ta wuce. Da bazara sai ya tsinke, ya bar kududdufai nan da can.

Me ya sa ruwa yake ƙaranci?

Na farko, fari. An yi babban fari a 1973, aka sake yin wani a 1984. A 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1984, ko kashi ɗaya cikin goma bai rage ba. Garin Ngigmi, wanda a da yake bakin ruwa, ya wayi gari tabkin ya yi masa nisa. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, amma bai kai na da ba.

Na biyu, madatsun ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, duka a ƙasar Kano. Suna shayar da birnin Kano, suna ba manoman rani ruwa. Wannan amfani ne babba. Sai dai ruwan da aka tare a sama ba duka yake isowa ƙasa ba. Ban da haka, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a fadamu.

Na uku, masu bukata sun yawaita. A 1988 mutanen garin Difa ba su kai 15,000 ba. A 2012 sun kusa 40,000. Daga 2015, rikicin Boko Haram ya kori dubban mutane daga garuruwansu. Suka zauna a Difa da gefen babbar hanya, inda rijiyoyi ba su da yawa. Manoma ma sun bar jigo, sun koma injin ban ruwa. Abin da inji ke ja a awa ɗaya, jigo ba ya jan shi a yini.

Me ke ɓata ruwa?

Ɓacin yana farawa tun daga nesa. A Kano akwai masana'antun jima da ke zubar da ruwan datti, yana gangarawa kogin Calawa, wanda ke cikin rassan kogin Haɗeja.

Amma ƙazantar da ta fi cutar da mutanen Difa ta kusa ce. Takin zamani da maganin ƙwari suna gangarowa daga gonaki. Wani manomi yakan wanke abin feshinsa cikin kogi. Wasu suna bahaya a bakin ruwa. Wasu suna zubar da shara da leda. In ruwa ya yi ƙaranci, ƙazanta sai ta yi ƙarfi. Gishirin da ba a ji cikin randa, a ƙaramin kwano ba ya shawuwa.

Ko yawan ruwa ba ya maganin wannan. A 2012, da 2019, da 2022, Komadugu ya yi ambaliya, ya ci gidaje da gonaki. Ambaliya tana shiga salga, ta kwashe abin da ke ciki, ta zuba cikin rijiya. Sai ga ruwa ko'ina, amma babu na sha.

Ruwa marar tsabta yana kawo amai da gudawa. Yaron da ke wanka cikin kududdufi yana iya kamuwa da tsargiya. A 2017 ciwon hanta nau'in E, mai sa shawara, ya ɓarke a jihar Difa. Ya fi kama ƴan gudun hijira, ya fi kuma kashe mata masu ciki. Ƙwayar wannan cuta daga bahaya take shiga ruwan sha. Ido ba ya ganin ta. Ruwa yana iya zama garau, amma da cuta cikinsa.

Me ya kamata a yi?

Kogin da ya ratsa ƙasa biyu, ƙasa ɗaya ba ta iya gyara shi. Domin haka Nijar, da Najeriya, da Cadi, da Kamaru suka kafa Hukumar Tabkin Cadi a 1964, don su riƙa shawara a kan rabon ruwa.

Kowane gida ma yana da nasa aiki:
1. A sha ruwan famfo in akwai shi.
2. Ruwan kogi ko na rijiya, a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a tafasa. Tacewa tana fid da laka, amma tafasawa ce ke kashe ƙwayar cuta.
3. A rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya.
4. A gina salga nesa da rijiya, aƙalla mita 30.
5. Kada a zuba ruwan sha cikin jarkar da aka taɓa sa maganin ƙwari.
6. A wanke hannu da sabulu bayan bahaya da kafin cin abinci.

A riƙe

Na sama da na ƙasa kogi ɗaya suke sha. Abin da wani ya zuba a Maine Sorowa yana wucewa ta Difa, na Difa kuma yana isa Boso.

Kalmomi

Madatsa: ginin da ake tare kogi da shi.
Jigo: sandar da ake ɗaura wa guga don ban ruwa.
Tsargiya: ciwon da ke sa fitsarin jini.

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna biyu ne ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe?
2. Don me kogin yake cika bayan damina ta wuce?
3. Ku faɗi dalilai uku na ƙarancin ruwa.
4. Yaya ambaliya take ɓata rijiya?
5. Ku faɗi sunan kogi, da rijiya, da tabki da Faransanci.

Aiki

1. Lissafi: gida yana da mutum 8, kowa yana bukatar lita 20 a rana. Ɗan ga-ruwa yana kawo jarka mai lita 20. Jarka nawa za a saya a mako ɗaya?
2. Ku ɗebo ruwan kududdufi cikin kwalba biyu. Ku bar ɗaya yadda take, ku daka ƴaƴan zogale biyu ku zuba cikin ɗayar, ku girgiza. Bayan awa biyu ku duba, ku rubuta abin da kuka gani. Kada wanda ya sha wannan ruwa.
3. Ku tambayi wani tsoho a unguwarku yadda kogin yake lokacin ƙuruciyarsa, ku zo ku ba aji labari.