Darasin Mako: Zaman Maƙwabtaka da Teku

 

Sunan unguwarmu Ƙofar Ruwa, amma yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Tiga girma ba. Teku kuwa sai a waya muke ganinsa: farin yashi, bishiyoyin kwakwa, masu hawan doki, ana ta ɗaukar hoto. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya je bakin teku yawon Sallah ya dawo daban yake da wanda yake kwana yana tashi a kusa da shi. Darasinmu na wannan mako a kan na biyun ne. Za mu ɗauki misali da Obalende ta birnin Ikko, wato Legas, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta.

Ina ne Obalende?

Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota. Obalende tana tsakanin tsohon garin Legas da Ikoyi. Idan ka haye gada ka yi kudu, ka shiga Victoria Island, unguwar manyan otal-otal da bankuna, wadda ta yi iyaka da Tekun Atlantika. A nan Bar Beach take a da, wadda ta yi shekaru tana zaman babban wurin shaƙatawar mutanen Legas.

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, kuma daga ita ake faro tarihin sojan Nijeriya. Sojoji Hausawa da iyalansu na cikin waɗanda suka raya Obalende a zamanin Turawa. A gefenta barikin Dodan yake, inda shugabannin soja suka yi mulki har aka koma Abuja a 1991. A hanyar zuwa wannan bariki aka kashe Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, ranar 13 ga Fabrairu 1976. Yau an san unguwar da babbar tashar mota, da cunkoso, da tsiren da ya yi suna a duk Legas. Da yawa daga masu gadi, direbobi, masu shayi da mahauta da ke hidima a unguwannin masu kuɗi na bakin teku, a irin wannan unguwa suke kwana.

Iskar da ke juyawa

Abu na farko da baƙo daga Kano zai lura da shi shi ne zufa. A nan gida, ko a tsakiyar bazara, in ka yi gumi nan da nan iska ta busar da shi. A can iskar cike take da danshi, don haka gumin ba ya bushewa. Wanki kan kwana a igiya bai bushe ba, takalmin fata kuma ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Ruwan saman da Legas ke samu a shekara ya kai kusan ninki biyu na Kano, kuma daminarsu kashi biyu ce: daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan tsagaita a Agusta, sannan a ci gaba a Satumba da Oktoba.

Sauƙin da suke samu shi ne iskar teku, kuma ga yadda take faruwa. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Iskar da ke saman ƙasa sai ta yi zafi ta tashi sama, sai mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta. Da dare ƙasa ta fi saurin hucewa, sai iskar ta juya daga tudu zuwa teku. 'Yan ajin ƙarshe su riƙe wannan, domin yakan fito a jarrabawar labarin ƙasa.

Gishiri da tsatsa

Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye, tunda kasuwarmu ta ƙarfe ce. Duk wanda ya taɓa taimaka wa mahaifinsa ko yayansa a shagon rodi ya san abin da tsatsa ke bukata: ruwa da iska. Gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Iskar bakin teku tana ɗauke da ƙananan ɗigon ruwan gishiri da ido ba ya gani, suna sauka a kan kwanon rufi, ƙyauren gida, injin janareta da ƙasan mota. Kwanon da zai daɗe a Kano, a can ba ya jimawa yake hujewa. Mafi haɗari shi ne rodin da ke cikin gini. In danshi mai gishiri ya ratsa kankare ya kai gare shi, sai ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga ginin daga ciki. Shi ya sa magina na ƙwarai suke kaurara simintin da ke rufe rodi, mazauna kuma ba sa rabuwa da fenti.

Ga ruwa, ga ƙishirwa

Abin mamaki, mutanen da ruwa ya kewaye su ma sayen ruwa suke yi. Ruwan teku ba ya shayuwa, kuma rijiyar da aka haƙa kusa da shi sau da yawa ruwanta da zartsi ko ja-ja yake fitowa. Saboda haka 'yan garuwa da masu tankar ruwa suna da kasuwa. Har Yarabawa da Inyamurai a Legas "mai ruwa" suke kiran mai tura kurar jarkoki, da kalmarmu ta Hausa.

Ga kuma ambaliya. Kano tana kan tudu, sama da mita 400 daga matakin teku. Wasu sassan tsibiran Legas kuwa ba su wuce mita ɗaya ko biyu ba. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini saboda jan da wata ke yi masa. Idan ruwan sama mai ƙarfi ya zo daidai lokacin da tekun ya cika, magudanai ba su da inda za su zubar, sai ruwan ya koma tituna da ɗakuna. Haka ta faru a Yulin 2017, lokacin da ruwa ya shanye titunan Victoria Island da Lekki, har aka ga mai tuƙa kwalekwale a kan kwalta.

Yadda Bar Beach ta ɓace

Nan ne zuciyar darasin. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina dogayen shingayen duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, don kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. A 1912 kuma jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Legas, aka shiga jigilar gyaɗa da fatu zuwa Turai ta wannan mashiga. Aikin ya yi amfani, amma ya bar baya da ƙura. A wannan gaɓa, igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Da shingen ya tare hanya, sai yashin ya taru a yamma, gabas kuma, inda Bar Beach take, teku ya ci gaba da kwasa ba mai mayarwa. A cikin shekara ɗari ya cinye fiye da kilomita ɗaya na ƙasa, har ya riƙa hawowa titin Ahmadu Bello.

Daga wajen 2008 aka fara cike wurin da yashi don gina sabon birni mai suna Eko Atlantic, aka kare shi da katangar duwatsu da tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Titin ya tsira, amma Bar Beach da talaka ke zuwa shan iska ta tafi. Yawancin wuraren shaƙatawa na yanzu sai ka biya kuɗin shiga. Mazauna ƙauyukan da ke gabas kuma suna kokawa cewa zaizayar ta koma kansu.

Ba teku kaɗai ke tayar da mutane ba. Idan filin bakin ruwa ya yi daraja, talakan da ke kai ne ke fara shiga uku. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe unguwar Maroko da ke jikin Victoria Island, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Yau manyan gidaje ne a wurin.

Mu fa, ina ruwanmu?

Ruwanmu a ciki kuwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu da teku, amma muna da damina. Kududdufan cikin birni, waɗanda kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ne suke karɓar ruwan sama kafin ya gangara Jakara. Da yawa an cike su an yi gine-gine. Lambatun da suka rage kuma mun cika su da leda da robobi. Abin da ya sami Bar Beach yana nuna mana cewa in ka tare wa ruwa hanya a wani wuri, zai nemi wata, kuma sau da yawa gidan wanda bai ji ba bai gani ba yake faɗawa. Ledar da ka jefa a kwata a ƙofar makaranta, wataƙila ita ce za ta shigar da ruwa ɗakin wata tsohuwa a ƙasan layi.

Gargaɗi ga mai zuwa hutu

Tekun Legas ba kududdufi ba ne. Akwai wata igiya mai jan mutum zuwa ciki, wadda ko gwanin iyo ba ya iya ja da ita. Kada ka shiga ba tare da babba ba, kuma kada ruwan ya wuce maka gwiwa.

Aikin gida

1. Me ya sa iska ke kaɗawa daga teku zuwa tudu da rana?
2. Me ya sa ƙarfe ya fi saurin tsatsa a Legas fiye da Kano?
3. Tambayi wani dattijo a unguwarku sunayen kududdufan da ya sani yana yaro, da abin da ke wurin yanzu.

A miƙa amsa ga kowane ɗan ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa mafi kyau uku a allo mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta