Kin ɗauko ma'aikata a gida? Fara da ruwan shansu

A Jiratawa aikin ƙwadago ba ya yankewa: yau magini da leburorinsa, gobe mai haƙar masai, jibi masu gyaran zogalen da za a kai kasuwar Maradi. To, abin shansu a kan wa yake? 'Yar'uwa, ruwa a kanki yake, ba alfarma ba ne. Fura da abinci kuwa sai yadda aka shirya. Ga abin yi.

1. Ku yanke magana wurin ciniki. Ke ko maigida ku tambayi shugabansu: da ci ko ba ci? In ba ci, a ƙara musu kuɗin abinci. In da ci, kada a zare ko dala daga ladarsu.

2. Cika randa tun da dare. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi kan haura digiri 40, mai aiki a rana kuma yana iya shan kusan lita guda cikin awa ɗaya. Jarka mai lita 25 ba ta wuce mutum huɗu ba a yini.

3. Kai ruwan kusa da su, a inuwa, a rufe, da moɗa mai tsabta. Baƙo zai gwammace ya daure da ƙishi da ya riƙa sallama cikin gidan mutane.

4. Ware ruwan sha daban. Kada su sha na durom ɗin kwaɓa siminti ko na magudanar lambu.

5. Da hantsi ki aika fura ko kunu. Suna kashe ƙishi, suna riƙe ciki, sun fi lemun kwalba amfani da araha. Shayi kyauta ce, ba ya maye gurbin ruwa.

6. Ki sa ido. Wanda jiri ko ciwon kai ya kama, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, ya kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya fara ruɗewa ko ya suma, kada a ɗura masa komai, sai likita nan take.

7. Da azumi a fara aiki bayan asuba, a tashi kafin rana ta take. Ki ba su kuɗin ƙanƙara da na buɗa-baki su tafi da shi.

Ma'aikacin da aka kula da shi yakan gama aiki da kyau, kuma ranar da kika sake nemansa ba zai ce miki yana da uzuri ba.